Gidan da Famfonsa Ke Jan Mutum

Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motar ofis, ya kai manya gidajensu masu fitilu har a kan katanga, shi kuwa ya koma ɗaki biyu na haya. Da aka sallame shi daga aiki aka danƙa masa kuɗin sallama, bai tsaya dogon shawara ba, ya ce gida zai saya. Matarsa, wadda duk layinsu ke kira Mai Ƙanƙara, ta amince da sharaɗi guda, wato a sami inda za a jona firizojinta biyu, babba da ƙarama. Ba don son kai ta faɗa ba. Tunda albashi ya tsaya, firizojin nan su ne za su riƙe gidan, daga cefane har kuɗin makarantar autarsu.

Dillali ya kai su wani gidan gado da magada ke neman rabuwa da shi. An yi masa sabon fenti, an buga sabon silin, makunnai da soket farare tas. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar waje mai taga a kan titi, Mai Ƙanƙara na leƙa shi ta ce nan ne shagonta.

Direba ya duba gidan nan duban tsanaki. Ya ƙwanƙwasa bango, ya jijjiga ƙofofi, ya hau ya leƙa rufi ko yana yoyo, har banɗaki sai da ya sansana. Ya bi makunnai ɗaya bayan ɗaya yana dannawa, suna ƙas ƙas gwanin daɗi, amma ko ƙwan fitila ɗaya bai kama ba.

“An ɗauke tun safe,” in ji Dillali.

Duk suka yi dariya, suka ɗan zagi masu wuta kamar yadda aka saba, aka wuce. Da suka sake zuwa ma an ɗauke. A wurin da ɗauke wuta ya zama abin yau da gobe, wa zai kawo wani abu a ransa? Abin haushin shi ne, mutumin nan ko kyauta aka ba shi mota ba zai karɓa ba sai ya tayar da inji ya kasa kunne, ya leƙa ƙarƙashi, ya zaga da ita. Amma ga shi ya zube rabin kuɗin gida a matsayin kafin alƙalami, bai taɓa ganin gidan da wuta a jikinsa ba. Sauran kuɗin aka ce ƙarshen wata. Da zumuɗi ya je ya shaida wa mai gidan hayarsu za su tashi, shi kuma mai gida ko kwana bai bari an yi ba ya karɓi kuɗin wani.

Mai Ƙanƙara ce ta ce a kira ƙaninta ya zo ya ga inda zai ƙara soket saboda firiza. Ƙanin nata gyaran wuta yake yi, kuma tun yana koyon aiki ake ce masa Tasta, don kullum da ɗan sukundireban gwajin wuta a aljihun rigarsa. Tsakaninsa da Direba ba a rasa tsiya. Yana shigowa ya ɗaga hula ya ce, “Yallaɓai mai gida, a ba mu ɗakin baƙi ko sai mun cike takarda?”

“Kai da ɗakin baƙi sai dai ka share shi,” in ji Direba, yana murmushi har kunne.

Ranar sai aka yi dace, ko rashin dace, akwai wuta. Ƙwan falo ya kama, ja-ja, kamar mai jin barci. Mai Ƙanƙara ta je famfon tsakar gida za ta wanke hannu, tana taɓa kan famfon ta fizge hannunta ta ja da baya tana salati.

“Baban Auta, famfon nan ya ja ni.”

“Sanyin ƙarfe ne,” in ji Direba.

Tasta ya zaro sukundirebansa ya ɗora a kan famfon, ɗan ƙwan da ke cikinsa ya yi ja. Ya ɗora a ƙyauren gida, ya yi ja. Ya shiga ɗan ɗakin da za a yi shago, ya shafa bango da bayan hannu daga soket zuwa sama, ya kira Direba ya ce ya taɓa. Bangon da ɗumi, alhali rana ba ta bugunsa.

Daga nan wasa ya ƙare. Tasta ya je wajen mita ya zare fis, ya dawo ya kwance soket ɗin. Abin da ya biyo shi waje ko a rediyo aka gan shi sai an yi tsaki, wata siririyar waya ce, robarta ta ƙone ta yi baƙi, an haɗa ta da wata an naɗe da leda. Ya ja ta a hankali, ta ƙi motsi.

“Ka gani, Yaya,” ya ce, ya daina yallaɓai ɗin. “Yadda ake yi, bututu ake binnewa a bango, a zura waya a ciki. In ta lalace sai a zare a zura sabuwa, aikin yini biyu. Wannan ba bututu. Haka aka shimfiɗa ta tsirara aka yaɓe da siminti. Kuma ban ga wayar da ke kai wuta ƙasa in an sami matsala ba, shi ya sa take bin famfo.”

“To, nawa ne gyaran?”

“Ban sani ba.”

Direba ya zaci tsiyar ce ta dawo. Ya ce, “Kai dai faɗi, ba bashi zan ci ba.”

“Wallahi ban sani ba. Watakila ɗakin nan kaɗai aka yi wa haka, sauran da bututu. Watakila duk gidan ne. Sai na fasa bango na gani, sai na shiga silin na ga abin da ke sama, ga shi an rufe silin ɗin ruf ba a bar ƙofar shiga ba. In na faɗa maka kuɗi yanzu, ƙarya na yi maka.”

“Firiza fa?” in ji Mai Ƙanƙara. Ita abin da ke ranta ke nan.

“Yaya, in kika jona babbar nan a wayar nan, kada ki bar Auta ta kwana a gidan.”

Direba mutum ne da ya saba in mota ta lalace bakanike ya faɗi kuɗi, a yi ciniki, a yi rantse-rantse, a daidaita. Ko kuɗin ya yi yawa, ka san da abin da kake faɗa. Yau ga shi an ce masa akwai ciwo, amma ba wanda ya san girmansa.

Washegari ya sa Dillali a gaba suka je wurin babban magajin, wani dattijo mai sanyin murya wanda ba ka iya yin fushi da shi. Direba ya roƙi a bar Tasta ya ɗan fasa bango wuri biyu, ya cire silin falle ɗaya, in an gani a mayar.

“Malam, ba ni kaɗai ke da gidan ba,” in ji dattijon. “In kun fasa kuka ce kun fasa saye, ni zan tsaya gaban ƙannena da bango a farfashe? Ku cika kuɗi, gida ya zama naku, ko rushe shi za ku yi ba mai hana ku.”

“To a dawo mana da kafin alƙalaminmu.”

Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da kuɗin suka shigo aka raba, wani ya biya asibiti, wata ta biya haya, shi kansa nasa kason ya tafi. Ya ce mahaifinsu ya zauna a gidan nan har ya rasu wuta ba ta taɓa kashe kowa ba, sai dai kowa ya san ba a taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu. Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, kamar yana ba su sirrin zaman gidan. Dillali kuwa sai kallon agogo yake, shi tasa la’adar ta riga ta narke.

Suka fito. Ba za a san kuɗin gyara ba sai an fasa bango, ba za a fasa bango ba sai an sayi gida, shi kuma Direba ba zai san ko zai iya sayen gidan ba sai ya san kuɗin gyara. Ya juya maganar nan a kansa har ta ishe shi, bai ga ta inda za a ɓullo mata ba.

Ya kira wani mai gyaran wuta da wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi lambarsa. Wannan ko gidan bai gani ba, ta waya ya yanka masa kuɗi mai daɗin ji, ya ce a turo rabi ya fara sayayya. Direba ya yini yana jin daɗin adadin, don mutumin da ya rasa madafa ko ƙarya ce in mai daɗi ce yana so. Da ya gaya wa matarsa, sai ta tambaye shi ko shi ya taɓa faɗin kuɗin gyaran motar da bai buɗe ba. Bai sake kiran mutumin ba.

Tasta ya kawo wata dabara. A kashe tsohon wayarin gaba ɗaya, a bar shi ya mutu a cikin bango, a ja sabuwar waya ta saman bango ana kama ta da ƙusa. Ba kyan gani, amma ba mai mutuwa. Suka tafi shagon kayan wuta tare. Mai shagon ya faɗi kuɗin waya mai kauri, ya ƙara da cewa farashin na yau ne, gobe kada a kama shi da shi. Tasta ya lissafa da baki, tun daga mita har shago, da ɗakunan kwana, da sandar ƙarfen da za a kafa don kai wuta ƙasa, bai sa ladan hannunsa ba ko sisi. Abin da ya fito ya ninka ɗan abin da zai rage wa Direba bayan ya cika kuɗin gida. Kuma Tasta ya ce ban da wayar da ta taso daga turken wuta zuwa mita, don ita ma bai yarda da ita ba, kuma ba shi da ikon taɓa ta.

Direba ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan hanya. In ya janye, rabin guminsa na shekaru ya tafi, ga sabon ɗan haya har ya kawo katifarsa ya jingine a zaure. In ya cika, ya kai iyalinsa gidan da ba za a iya jona abin da ke ciyar da su ba. Ya ji kunyar matarsa, ya ji haushin kansa, ya rasa wanda zai kama da laifi ya huce.

Mai Ƙanƙara ba ta yi masa gori ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare, Direba ya dawo daga masallaci da hantsi ya tarar da amalanke a ƙofar gida. Ƙarti na ciccibar babbar firizar, ruwa na ɗiga daga gindinta. Matar da ke sayar da lemo a tsallaken titi, wadda ta daɗe tana hararar cinikin Mai Ƙanƙara, tana tsaye tana cewa a bi a hankali kada a ƙuje mata fenti.

“Me ke nan?” ya tambayi matarsa, ko da yake ya gani.

“Ƙaramar za ta riƙe mu kafin Allah ya kawo wata,” ta ce, ba ta dube shi ba. Ta san ƙaramar ko rabin cinikin ba ta yi, shi ma ya sani.

Ta kira Tasta. Da ya zo, ta kunce bakin zanenta ta miƙa masa kuɗin firizar gaba ɗaya, ta koma ciki tana goge inda firizar ta tashi, wurin ya yi fari a tsakiyar siminti. Tasta ya riƙe kuɗin bai ko ƙirga ba. Direba ya matso kusa da shi, ya rage murya don kada ta ji.

“Ƙanina, don Allah gaya mini gaskiya. Yanzu ya isa?”

Tasta ya dubi ƙofar da yayarsa ta shiga, ya sa kuɗin a aljihu.

“Ya isa mu fara, Yaya,” ya ce.