Wutar Ranar Shara

Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar shara, ranar da doka ta hana a ga ƙafar kowa a titi sai ƙarfe goma. Dinatu, malamar firamare da aka kawo Azare daga Tafawa Ɓalewa, ta share gidan hayarta tas, ta tara busasshen ganyen dogon-yaro a gindin danga. Ita kuwa akwai gaggawa kamar ana korarta. Ba ta haƙa rami ba, ba ta ajiye ko bokitin ruwa kusa ba, ta ƙyasta ashana ta koma ɗaki duba wakenta.

Bayan dangar nan rumbun Ya Gana ne, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai. Geron da za ta ci har kaka mai zuwa duk yana ciki.

Ƙarar fashewar kara ce ta fito da Dinatu. Iska ta juya, wuta ta kama danga tana tafiya. Ta watsa ruwan randa, ta watsa na wanki, ta kwaso ƙasa da faranti, wuta ko gezau. Ta juya wajen gidan tsohuwar tana ƙwala kira.

"Iya! Iya, ki fito!"

Ya Gana ta fito tana dogara sanda, ta dubi wutar sau ɗaya. "'Yar nan, wannan ta fi ƙarfinki. Maza ki kira 'yan kwana-kwana."

"Iya, goma ba ta yi ba, kama ni za a yi."

Babu waya a unguwar, sai dai mutum ya je da ƙafarsa. Dinatu ta tsaya tana tunanin yadda za a kama ma'aikaciyar gwamnati a titi, a kuma ji ita ta kunna wutar. Maƙwabta suka firfito da bokitai, sai ta ce wa ranta ai za su kashe. Haka ta ɓata lokaci tana miƙa ruwa, har ta ga harshen wuta ya lashi jinkar rumbun. A nan ta kwasa a guje ba takalmi.

A mararraba wani duba-gari ya tare ta. "Malama, ina zuwa?"

"Gobara! Ka kama ni daga baya!"

Ko kalma bai ƙara ba, ya ɗora ta a babur ɗinsa.

Motar kwana-kwana ta kashe wutar kafin ta kai ɗakin tsohuwa, amma rumbu ya tafi fiye da rabi. Da jama'a suka watse, Dinatu ta tarar da Ya Gana zaune a ƙasa tana tsince zangarniyar da ta tsira. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta durƙusa.

"Iya, ni ce na kunna."

"Na sani." Tsohuwa ta hure toka daga tafinta, ta dubi ɗan tarin da ke gabanta. "Wannan zai kai ni ruwan farko, in na riƙa ci sau ɗaya."