Bushin Motar Ungozoma

Tun kafin Mai Ƙafa ya shiga ƙarƙashin motar ya san abin da zai gani, shi ya sa ya tsaya ɓata lokaci wai yana neman tsumman goge hannu. Mai Ƙafa ake ce masa a layin gareji saboda aikinsa ke nan, gyaran ƙafar mota: shokozoba, bushin (robar da ake cusawa a mahaɗar ƙarafa don ta shanye jijjiga), duk wani abu da ke tsakanin taya da jikin mota. Kuma ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Mai motar kuwa Ungozoma ce, mace mai jiki da murya, wadda rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Tana tsaye a kansa riƙe da ƙugu, tana faɗa masa cewa kwanan nan fa ya sa mata sababbin bushin gaba, ga shi motar ta koma ƙwanƙwasa fiye da da, sitiyari yana fizga, jiya ma saura ƙiris ta hau kan mai lemo a kwana.

Ya kwanta a kan kwali ya haska da wayarsa. Robar da ke cikin bushin ta murɗe ta yage a zagaye, hagu da dama iri ɗaya. Roba ba ta yin haka don kanta. Ƙa'idar aikin, wadda shi da bakinsa yake koya wa mutane, ita ce ba a ɗaure notin bushin tamau mota tana sama a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, da an sauke robar za ta murɗe, ta zauna a haka, kowane rami ya ƙara mata har ta yage. To ranar da ya yi aikin nan ana nuna ƙwallo a shagon mai aski, ihun 'yan kallo yana ta iso shi a ƙarƙashin mota. Ya ɗaure a sama da niyyar in ya sauke zai sassauta ya sake ɗaurewa. Yana saukewa aka yi ihun an ci, ya yar da sifana ya ruga. Abin haushin ma, ƙungiyar tasa ce aka ci.

Ya fito yana karkaɗe baya. Ungozoma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Faɗa mini gaskiya, ɗana. Aikinka ne, ko kayan ne?"

Akwai makanikai a gefe suna saurare, har da masu jiran ranar da za su ji ya yi kuskure. 

"Mama, kayan yanzu sai a hankali," in ji shi.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Daga baya ya yi ta lallashin kansa cewa ai bai ambaci sunan kowa ba. Amma wa yake yaudara? Shagon da aka sayo bushin yana tsallaken titi, ana hango shi daga nan, kuma na Auta ne, ƙanen matarsa. Auta ya daɗe yana zaman shagon wasu kafin ya samu ya buɗe nasa, ɗan ƙarami, kantoci biyu da benci. Kayansa ba na kamfanin motar ba ne, na wasu kamfanoni ne da ke ƙera irinsu, amma yana zaɓe, ba ya ɗauko tarkace. Mai Ƙafa da kansa ya ce wa Ungozoma ta sayi na Auta, ya ce ya sa wa motoci da yawa ba a taɓa dawo masa ba. Kuma gaskiya ya faɗa a lokacin.

Ungozoma ta sa aka ciro mata yagaggen bushin, ta tsallaka titi da shi a hannu. Mai Ƙafa bai bi ta ba, amma babu abin da bai ji ba, don muryarta ba ta buƙatar lasifika. Ta ce wa Auta ita da ke fita a guje in mace ta fara naƙuda, ita zai sayar wa jabu? In ta kife da mai ciki a mota, wa zai ɗauki alhaki? Auta yana tsaye, hannuwa a baya, yana ta ba ta haƙuri. Mutane suka taru. Kafin la'asar duk layin ya ɗauka, kuma ka san bakin gareji, abin da aka ce bushin ne ya koma har birkin Auta ma na kisa ne. Washegari makanikan da suka saba tsallakawa wurinsa suka riƙa wuce shagon suna kallon wani gefe.

Da yamma Auta ya zo gida. Mai Ƙafa yana zaune a tsakar gida an ajiye masa abinci, ya kasa ci. Da ya ji sallamarsa ya ɗauka yaron ya gano, har ya ji wani irin sauƙi, a yi ta ta ƙare. Ina, Auta sai ya durƙusa a gabansa ya cire hula.

"Yaya, na zo neman gafara ne. Kai ka tsaya mini, ka sa sunanka a kan kayana, ni kuma na ja maka zagi."

Matar Mai Ƙafa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta hau ƙanen nata da faɗa. Ta ce mijinta shekara da shekaru yana aiki ba a taɓa nuna shi da yatsa ba sai da ya taimaki ɗan'uwanta, wannan wace irin sakayya ce? Auta ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne, haka ne. Mai Ƙafa ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gaskiyar ta zo masa har baki, ya dubi matarsa, ya dubi ludayin, ya haɗiye. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne wai ba komai, a bar maganar, kowa yana kuskure. Ji fa, shi ne ma mai yafewa.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya ci gaba da zama da shi a ciki kamar ƙaya. Amma Auta irin mutanen nan ne da gaskiyarsu take gajiyar da mutum. Ya koma shago ya sauko da duk kwalayen bushin irin wannan, ya zauna a ƙofa inda kowa zai gani, ya riƙa sa wuƙa yana tsaga robar ɗaya bayan ɗaya, don kar wani ya tsinta a bola ya sayar. Mai Ƙafa yana hango shi daga tsallake, ya kama aikin da babu shi a wata mota don ya juya masa baya. Sannan Auta ya bi duk wanda ya tuna ya taɓa sayar wa, ya ce su kawo motocinsu a cire a sa musu na kamfani, shi zai ɗauki nauyi. Ya ce kuma ba wanda zai taɓa motocin sai Yayansa, don hannunsa kaɗai ya yarda da shi.

Wanda ya fara zuwa wani ɗan tasi ne, yana ta mita an tsayar masa da aiki alhali shi motarsa lafiyarta lau. Mai Ƙafa ya ɗaga ta, ya cire taya, ya kwance ƙarfen da ke riƙe da ita. Bushin da ke ciki garau yake, robar baƙa sumul, ko tsaga babu. Wannan ma Mai Ƙafa ne ya sa shi, a ranar da ba a ƙwallo. Kuma bushin ba ya fita da daɗin rai, sai an dake shi, in ya fita ya gama amfani. Auta ya rufe shago ya zo ya riƙe masa ƙarfen. Ya duba robar da kyau, ya girgiza kai, ya ce abin tsoron ke nan da mugun kaya, daga waje ba ya nunawa. Mai Ƙafa ya ɗaga guduma ya yi ta duka, kowane bugu yana jin sa a ƙirjinsa.

Suka sa na kamfani, suka mayar da ƙarfen. Mai Ƙafa ya juya ɗauko taya. Da ya waiwayo sai ya ga Auta, don son ya rage masa aiki, ya kwanta a kan kwali ya kafa sifana a kan notin yana shirin ja da ƙarfinsa, motar tana sama.

"Kai, kar ka ɗaure! Sai an sauke ta. In ka ɗaure a sama murɗewa zai yi ya yage."

Bakin ne ya riga shi, bakin malamin da ya saba faɗin haka. Auta ya tsaya da sifanar a hannu.

"Ya yage ta yaya, Yaya?"

Mai Ƙafa yana tsaye rungume da taya.

"A zagaye?" in ji Auta, a hankali. "Hagu da dama?"

Ɗan tasi ya matso yana tambaya me ake ciki, wani abin ne kuma ya lalace? Auta ya fito daga ƙarƙashin motar, gwiwoyinsa duk baƙin mai. Ya dubi tsallaken titi, inda tarin robar da ya tsattsaga take jibge a ƙofar shagonsa ba a kwashe ba tukuna. Ya daɗe yana kallo. Mai Ƙafa ya so a ce ya zage shi, ko ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. Sai Auta ya ce wa ɗan tasin babu komai, yanzu za a gama. Ya miƙa wa mijin yayarsa sifanar ta wajen mariƙi, bai dube shi ba.

"Sauke ta, Yaya. Mutumin yana sauri."