Kwalbar Maganin Katung

Hambali likitan dabbobi ne daga Kano. A shekarar 1988 ya zo Landan karatun digiri na uku, aka ba shi tebur a wani ɗakin bincike kusa da Camberwell, inda ba a aiki da komai sai 'ya'yan alade. Ya yi ta kai-kawo a zuciyarsa kafin ya yarda, sannan kullum safar hannu biyu yake sawa.

Amma kansa yana ja. Shi ya fara kawo wa Farfesa Whitcombe, shugaban ɗakin, shawarar cewa a ɗan alade mai tasowa, jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ce ke umartar fankiriyas, wannan tsokar da ke bayan tumbi, ta zubo ruwan narkar da abinci. In aka toshe jijiyar da magani, ruwan zai ragu. Farfesa ya ce a gwada.

Gwajin ne ya gagare shi. Sai an dasa siririn tiyo a cikin dabbar ana tarar ruwan, shi kuwa da ya matso sai su hau ihu da shure-shure, tiyon ya fice.

Bayan shekara guda Katung ya iso, mutumin Kagoro, wanda uwarsa ke kiwon alade tun yana goye. Sai ya sosa wa dabba bayan kunne, ta miƙe ƙafa ta yi lamo. Cikin wata uku ya tara ruwan da Hambali bai tara a shekara ba. Farfesa ya koma in ya shigo, sunan Katung yake fara kira.

Abin ya tsaya wa Hambali a wuya. A bas ɗin komawa gida Thamesmead ba ya ganin hanya, dariyar Katung kawai yake ji.

"Ni na shuka, wani ke girbi," ya ce wa matarsa Asama'u.

"Baban Mero, shi ya ce maka gonar tasa ce?" in ji ta.

Wata Litinin da safe Hambali ya ga kwalbar maganin toshe jijiya a teburin Katung. Ya karanta lissafin da ke jikinta, ya sake karantawa. Katung ya tsarma maganin da ruwa ninki goma fiye da yadda ya kamata. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya jiyo Farfesa a baranda yana yabon Katung a gaban baƙi. Ya ajiye kwalbar ya wuce.

Mako biyu ana yi wa dabbobi allurar da ba ta da maraba da ruwa. Hambali yana jira ya ga an kunyata mutumin.

Ranar taron duba sakamako Katung ya miƙe da takardunsa, fuska ba walwala.

"Malam Hambali, ka yi haƙuri. Na toshe jijiyar a alade takwas, ruwan bai ragu ba ko kaɗan. Ina ga shawararka ba ta yi working ba."

Farfesa ya gyaɗa kai, ya ce to a rufe wannan babin.

Hambali ya dubi takardun. Aikin shekara biyu za a binne a gabansa, saboda shirun da ya yi.

"Maganin ne," ya ce. "An tsarma shi da yawa."

Aka ɗauko kwalbar, aka ga haka ne. Farfesa ya yaba masa da kaifin ido. Da suka fito, Katung ya tare shi.

"Yaushe ka gani?"

Hambali ya so ya yi ƙarya, ta ƙi fitowa. "Litinin ɗin farko."

"Alade takwas na yi wa aiki a banza, Malam. Biyu ba za su tashi ba."

Aka maimaita gwajin, ruwan ya ragu kamar yadda Hambali ya faɗa. Katung bai taɓa kai ƙararsa ba, sai dai daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. A 1992 aka gayyaci ɗakin binciken wani taron masana, Farfesa ya zaɓi Katung ya yi bayani. Hambali ya zauna a baya yana sauya hotuna a majigi. Sau uku Katung ya ambaci sunansa a matsayin mai shawarar, jama'a suka waiwayo. Da aka fara tafi, Hambali ya lura har yanzu kishin nan na cin ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai yana tattara hotunan.