Kyamarar Katako

Ina tsane shinkafa a kwando na ji Rosemary ta kurma ihu daga cikin kwantenarta. Kafin in juya, katafila ta riga ta danne shagon mai walda na bakin layi, kwano yana ta kuka a ƙarƙashinta. Samari ne suka cika wurin, kowa da gora ko adda, idanunsu jajur. Wani mai jar hula yana gaba yana nuna shaguna da yatsa.

Mun san za su zo. Wani attajiri da ba mu taɓa gani ba ya ce ya sayi filin da layinmu yake, a bayan kasuwa a Garki. Magana tana kotu, amma shi bai da haƙurin jiran alƙali, sai ya yi hayar 'yan daba.

Rosemary mai ɗaukar hoto ce, 'yar Pankshin, kuma taurin kanta ya fi na jaki. Ta ƙi fitowa. Suka ɓalle ƙofar, ɗaya ya damƙi kitsonta yana ja, ita kuma ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa. Wani ya shiga dukan yatsunta da gora. Ina jin ƙarar har cikin haƙorana.

"Bar ta!" in ji mai jar hula. Ya ɗaga wa direban katafila hannu. "Tura kwantenar da ita a ciki. Move!"

Ni Barira da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar nan ya mutu. Ina tsaye da kwando a hannu kamar an dasa ni.

Sai ga Ɗangoggo ya fito daga rumfarsa.

Ɗangoggo baduku ne, Bakano, rumfarsa tana jingine da tawa. Shekara da shekaru muna faɗa a kan warin fata da ke kore min masu cin abinci. Shi ya ce girkin Zage-zagi ne ke korarsu, ni in ce duk Bakanon da ya baro Kano to koro shi aka yi. Ba ya ɗinka takalmi ko layu kamar sauran dukawa, jakunkunan kyamara kawai yake yi, kuma masu hoton bukukuwan Maitama har layi suke yi masa. Yana da katakai da aka sassaƙa masa da siffar kyamara iri-iri. Sai ya jiƙa kirgi, ya lulluɓe katakon, ya ɗinke da basilla da zare mai kaki, ya bar fatar ta bushe a kai. A hancin katakon yakan manna gindin baƙar kwalba don ramin gilashi ya fita daidai.

Irin wannan jakar ce a wuyansa, katakon yana ciki, ɗinkin jiya, fatar ko gama bushewa ba ta yi ba. Ya ɗaga ta zuwa idonsa, kwalbar ta ɗauki rana.

"Ku ci gaba," in ji shi, murya kwance kamar yana cinikin fata. "Live nake yi. Duniya tana kallonku. Kai mai jar hula, juyo sosai."

Wallahi sai wurin ya tsaya. Wanda ke riƙe da kitson Rosemary ya sake ta ya ja riga ya rufe fuska. Direban katafila ya dunƙule a kujera, injin ya mutu. Mutanen nan ba sa tsoron Allah, amma suna tsoron hoto.

"Bazazzagiya," ya ce, bai ko dube ni ba, "ɗauke ta."

Na yar da kwandon. Na kamo Rosemary ta hammata na ja ta, ƙafafunta suna jan ƙasa, yatsunta biyu sun karkace. Ba mu da hanya sai lungun kwata na bayan rumfata, kuma shi ma an toshe shi da tsofaffin tayoyi. Na shiga jifa da su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, kawo kyamarar nan," na ji mai jar hula yana cewa. "No wahala. Kawo kawai."

Ɗangoggo yana ja da baya zuwa titi, suna bin sa, duk sun ba mu baya. Gorar farko ta same shi a kafaɗa. Ta biyu a gwiwa. Ya faɗi, ya dunƙule a kan jakar, ya rungume ta a ciki kamar jariri. Suka rufe shi. Ban ƙara ganin komai ba sai gorori suna tashi suna sauka, da takalma.

"Katako ne!" na yi ihu. "Wallahi tallahi katako ne! Ku bar shi!"

Ba wanda ya yarda. Wa zai bari a karya masa haƙarƙari saboda katako? Shi kuwa da ya saki da sun gani, da sun waiwayo kanmu, ga mu a lungu ba mafita. Na tura Rosemary ta kan taya ta ƙarshe, ta faɗa bayan katanga, wasu mata suka janye ta.

Da na dawo sun kifa shi rigingine. Mai jar hula ya yanke igiyar da adda, ya yi ta yaƙi da ɗinkin, ya ƙi buɗewa. Sai da ya tsaga fatar da wuƙa. Katakon ya faɗo ƙasa, ƙwal. Ɗaya daga cikinsu ya fashe da dariya.

Dariyar nan ce ta kashe Ɗangoggo. Mai jar hula ya dubi yaransa, ya sunkuya ya ɗauki katakon da hannu biyu, ya sauke masa a gefen kai. Ya sake. Kwalbar ta tarwatse. A lokacin 'yan acaba suka fara taruwa a bakin titi da duwatsu, sai 'yan daban suka zuba a motar da ta kawo su suka gudu, har da direban, suka bar katafilar a wurin.

Mun sa shi a keke Napep, ni da Rosemary da ta dawo da gudu ba takalmi. Kansa yana cinyarta, jini yana fita ta kunnensa. Go-slow ya riƙe mu wajen Area 1, mai keke yana ta hon yana zagi.

Ɗangoggo ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe.

"Ta fita?"

"Ga ni, Baba, na fita," in ji Rosemary tana kuka. Ta ɗaga rigarta, ga kyamararta ta gaske ɗaure a ciki da ɗankwali. "Yana jikina tun safe. I no fit bring am out. Tsoro ya kama ni, Baba."

"Gara haka. Taki mai tsada ce." Ya yi numfashi mai kurman sauti. "Bazazzagiya, shinkafarki ta zube."

"Rufe min baki, Bakanon banza," na ce, hawaye yana shiga min baki. "Ce La'ilaha illallahu."

Ya faɗa, a hankali, har ƙarshe. Ba mu kai ƙofar asibiti da shi ba. Na yi kukan da ban yi wa mijina ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar sadakar uku muka je Mararaba, ɗaki ɗaya da 'yar baranda inda ya bar matarsa Rukayyat da 'ya'ya mata. Rosemary ta zo da hannu a naɗe, ta yafa gyale, ta zauna can gefen tabarma ta kasa haɗa ido da kowa. Rukayyat ce ta matso kusa da ita.

"'Yar'uwa, an ce ke mai hoto ce. Ba ki da hoton Malam? Autar nan ba za ta tuna fuskarsa ba. Ba mu da ko ɗaya, kullum sai ya ce shi ba ya son hoto."

"Akwai, Aunty. Plenty. Duk jaka da ya gama, ni ne nake ɗauka masa don customer."

Ta kunna kyamarar da hannun hagu, yaran suka kewaye ta. Ta fara wucewa. Jaka ja, hannunsa yana riƙe da ita. Jaka baƙa, babban yatsansa a kan maɓalli. Wata a buɗe, yatsunsa masu baƙin rini suna nuna ɗinkin ciki. Ta yi ta dannawa, tana ƙara sauri, har ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ko haɓarsa babu.

"Bari," in ji Rukayyat. "Tsaya a nan."

Ta karɓi kyamarar ta ɗora a cinya. Autar ta leƙo, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora ɗan tafinta a kan gilashin, daidai kan hannun.