Injin da Ya Tafi Tarbar Baƙi

Direban ƙaramar hukuma ya faɗo ɗakin yara ko sallama babu, da takarda a hannu, ya tsaya yana ƙare wa injin oksijin kallo kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Sista, wannan ne ko? Ciyaman ya ce a ɗauko."

Injin na ta gurnani a gefen gado na biyu, siririyar robarsa a hancin 'yar Tela, jaririya 'yar wata biyar da limoniya ta kayar tun shekaranjiya. Ƙirjinta na lotsawa yana tasowa da kyar. Uwarta na bakin gado ta riƙe mata ƙafa.

"Idonka bai ga yana aiki ba?" na ce.

"Ni dai ɗan aike ne, Sista."

Asibitoci tara gare mu a ƙaramar hukumar nan, injin kuwa ɗaya tal. Duk ranar da manyan baƙi za su zo duba aiki, sai a sa shi a bayan mota ya riga su isa inda za su, don su tarar da asibiti cike da kayan aiki. Shi ya sa ma'aikata ke ce masa Ɗan-yawo. Yau ana buɗe sabon ɗakin yara a cikin gari, kuma za a ba ciyaman lambar yabo. Ciyaman ɗin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na fita baranda na kira shi.

* * *

A wannan ɗakin Yaya ya fara aiki. Shekara ashirin yana ɗaure akwatin riga-kafi a bayan babur yana shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, shi ya koya mini neman jijiyar jariri. Sunan Ɗan-yawo ma daga bakinsa ya fito. Akwai shekarar da aka zo ɗaukar firjin magani, ya kulle ƙofa ya jefa makulli a aljihu, ya ce sai dai a bi ta kansa. Wata uku aka dakatar da shi, ko a jikinsa. Da ya fito takarar kansila, daga baya ta ciyaman, magana ɗaya yake maimaitawa, wai ɗan bayan gari da ɗan cikin gari huhunsu iri ɗaya ne. Ni na bi gida gida ina roƙa masa ƙuri'a har ƙafata ta kumbura.

"Auta, ki saurare ni," ya ce, ina jin ana gwada lasifika a bayansa. "Baƙin nan masu ba da tallafi in suka ga mun iya riƙe kaya, inji goma za su ba mu. Goma! Kowane asibiti da nasa."

"Yaya, yarinya ce a kai. In na cire, ban san me zai faru ba."

"Awa uku kacal. Ƙarfe ɗaya zai dawo, na yi miki alkawari. Ki kishingiɗa ta, ki buɗe tagogi. Ke ba baƙuwar aiki ba ce."

"Da kai ne a nan, za ka bayar?"

Sai ya ce, "Kada ki kunyata ni yau."

Makullin ɗakin yana aljihuna. Na taɓa shi, na ji sanyinsa. Amma na koma ciki, na durƙusa, na zare wayar daga soket da hannuna. Wannan ne abin da har gobe ba na yafe wa kaina.

Matar Tela ta ɗago kai. "Sista, ta warke ne?"

"Yanzu za a dawo da shi," na ce.

* * *

Ƙarfe ɗaya ta yi, ba mota ba alamarta. Ƙarfe biyu leɓen yarinyar ya fara sauya launi. Na kira Yaya, waya a kashe. Na kira direba, ya ce baƙi sun makara, ko jawabin maraba ba a fara ba. Na nemi motar asibiti, ashe ita ma an wanke ta tas an jera ta a filin taro, an ɗaura mata balan-balan.

Na ɗauko jakar hura iska ina matsawa har yatsuna suka sage. Tela ya bar shagonsa a buɗe ya ruga neman motar haya, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Babban asibiti tafiyar awa biyu ce. Ko da ya dawo da motar, huɗu saura kwata, na riga na ajiye jakar.

Bai yi ihu ba. Ya dubi inda injin yake tsayawa, wurin da ƙura ta zana murabba'i a siminti, ya dube ni. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

* * *

Sai bayan kwana biyu Ɗan-yawo ya dawo. An goge shi yana ƙyalli, an ɗaura masa jan kirtani mai fure, an manna hoton Yaya a gefe yana murmushi.

"Taro ya yi kyau, Sista," in ji direba yana share gumi. "Abin dariya, ko kunna shi ba a yi ba. Sabon ɗakin ai ba a ja masa wuta ba tukuna. Hoto kawai aka ɗauka."

Na dube shi har ya sunkuyar da kai ya fice.

Saƙon Yaya ya shigo wayata: "Auta, an yi nasara. Sun ce za su duba maganar goman. Na ji abin da ya faru, Allah ya ba iyayen haƙuri." Na karanta sau biyu, raina na tafasa. Ban ba shi amsa ba, kuma ban sake taka gidansa ba.

Da hantsi matar Tela ta zo karɓar hular yarinyar da ta manta a ƙarƙashin matashi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon jan kirtanin.

"Ashe ya dawo," ta ce.

Ta ninke hular ta sa a jaka ta tafi. Na tura injin gefen gado na biyu, na mayar da wayarsa cikin soket. Nan take ya kama gurnani, iska na fita ta siririyar robar, tana kaɗa gefen zanen gadon.