Makon da Aka Ce Usaini Ya Warke

A tsakar gidan Saudat da ke Zawaciki akwai wani rami mai kai wa mutum ƙugu, an jera tsofaffin katakai a bakinsa don kada 'yarta Zulaihat ta faɗa ciki. Mijinta Usaini ne ya haƙa shi, shi kaɗai, da diga da shebur na aro, a makon da duk unguwa ta yarda cewa ya warke. Tarwaɗa zai kiwata a ciki, in ji shi, har ya riƙa kai wa manyan gidajen abinci na Bompai. Tarwaɗa ba ta zo ba. Sauro dai ya zo da iyalansa, ya kuma ji daɗin wurin.

Usaini yana aiki ne a wata masana'antar roba a Sharaɗa, a kan injin da ke fitar da butoci. Tun asali mutum ne mai sanyin hali, wanda in ka taka shi, shi zai fara ba ka haƙuri. To, a 'yan shekarun nan sai wani abu ya riƙa sauko masa yana kwantar da shi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Sai ya juya fuska ga bango, tuwo ya huce a gefensa, in an matsa masa ya ce shi bai ga amfaninsa a duniya ba. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an shafa man habbatussauda har labulen ɗaki ya ɗauki ƙamshinsa. Da abin ya ƙi, yayansa Lawan, wanda ke aiki a wata majema a Challawa, ya ɗauke shi zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Maƙwabta kuwa ya ce musu hawan jini ne.

Likitan farko ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Magani ya yi aiki, har ya zarce inda aka aike shi. Usaini ya miƙe. Ya gaishe da kowa a layi, ya tara matasa aka yashe kwata, ya cire sabuwar hularsa ya ɗora a kan mai shayi don kawai ya ce ta yi kyau. A majalisa shi ke ba da labari ana riƙe ciki. Lawan ya yi sadakar ƙosai don godiya ga Allah.

Abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar gida, Saudat kaɗai ta sani. Usaini ba ya barci, ba ya kuma jin yana buƙatarsa. Magana yake yi ba numfashi, daga kifi ya koma sayen fili, daga fili ya koma gyaran Nijeriya baki ɗaya. Ya kwance keken ɗinkinta gunduwa-gunduwa don ya ƙara masa gudu, ya bar shi a kwance. Ya daka wa Zulaihat tsawar da ta sa yarinyar ta yi fitsari a tsaye, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba. A wurin aiki ya ƙara wa injin wuta da kansa, roba ta narke ta ƙone masa hannu. Bayan haka sai ya faɗo, ya koma kwanciyarsa ta da, kuma kowace faɗuwa ta fi ta baya zurfi.

Duk sanda aka koma asibiti Lawan ne ke magana, don shi ne babba. "Maganin nan ya yi, likita. Ya warke sarai, ciwon ne ya dawo. A ƙara masa." Sai a ƙara, ko a sauya masa da wani irinsa. Saudat tana zaune a benci a waje, da kwanon abinci a cinya. Ba wanda ya hana ta shiga. Amma wace mace ce za ta buɗe baki a gaban yayan miji ta zayyana abin da mijinta ke yi a ɗaka? Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma ita ma tana ganin hakan ne mutunci.

Wata rana da aka koma, likitan da suka saba gani an yi masa sauyin wurin aiki. Wata mace suka tarar, Dakta Aina'u, mai ɗan furfura a gefen kallabi, wadda ba ta da gaggawa ko kaɗan. Lawan ya fara karatunsa da ya haddace. Ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Malam, kai ne kake kwana gida ɗaya da shi?"

"A'a, iyalinsa tana waje."

"A kira min ita."

Saudat ta shigo ta raɓe a kujerar da ke bayan ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Usaini yana zaune kansa a sunkuye, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, kamar ba a kansa ake magana ba.

"Ba ciwon nake so ki ba ni labari ba," in ji likitar. "Shi na gani da idona. Lafiyar nake so. Lokacin da aka ce ya warke, yaya barcinsa yake?"

"Lafiya lau," Lawan ya amsa.

Likitar ba ta kalle shi ba. Saudat take kallo, tana jira.

Saudat tana jin idon Lawan a gefen fuskarta. In ta yi magana ta tona asirin mijinta, a gabansa, a gaban yayansa. In ta yi shiru za a sake ba da wancan magani, a sake hawa, a sake faɗowa. Kuma jiya da hantsi Usaini ya kira ta ya ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata, ya ce ta kula da Zulaihat. Mai shirin tafiya ne ke irin wannan magana. Tsoro ne ya kama ta tun jiyan, tsoron da ya fi kunya ƙarfi.

"Ba ya barci," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Kwana nawa?"

"Har sai na daina ƙirgawa. Kuma ba ya gajiya."

Da ta fara, sai sauran ya biyo. Ta faɗi keken ɗinki, ta faɗi ƙunar hannu, ta faɗi tsawar da aka yi wa yarinya da ramin da ke tsakar gida. Ta faɗi maganar jiya, a nan ne muryarta ta karye. Ba ta kalli kowa ba, tayil ɗin ƙasa take yi wa bayani.

"Ke yanzu lafiyar ma ciwo ce?" in ji Lawan. "Mutum ya tashi yana walwala, yana kyauta, yana neman na kansa, sai ki ce ba shi da lafiya?"

"Malam, ba ta ce komai ba sai abin da ta gani," likitar ta ce a hankali. "Ciwon ƙanenka hawa da sauka yake yi. Ku sauka kawai kuke kawo mana, hawan kuna ɗaukarsa waraka. Maganin da ake ba shi na ɗaga mai damuwa ne, kuma yana taimakon mutane da yawa. Amma mai irin wannan ciwo, in aka ba shi shi kaɗai, yana iya cilla shi sama. Akwai magungunan da ke riƙe mutum a tsakiya. Ba zan yi muku alkawarin na farko zai dace da shi ba. Nema za mu yi tare, kuma ba zan iya nema ba sai da idon wanda ke gida."

Ta juya ga Usaini ta tambaye shi maganar jiya kai tsaye, ba kwana-kwana. Ya gyaɗa kai a hankali. Ta riƙe shi a asibiti na 'yan kwanaki.

A adaidaita sahu, kan hanyar komawa, bayan sun wuce Na'ibawa, Lawan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kin sa an rubuta ƙanena a cikin mahaukata. Hankalinki ya kwanta." Saudat ta ce, "Ku yi haƙuri, Yaya."

Neman ya ɗauki watanni. Maganin da aka fara gwadawa ya danne hawan, amma ya danne Usainin ma. Ya yi ƙiba, wandunansa suka ƙi shiga, yana gyangyaɗi a gaban injin har shugaban sashensu ya ja masa kunne. Aka rage, bai yi ba. Aka sauya da wani wanda sai an riƙa ɗibar jini ana aunawa, mai sa ƙishirwa, ga zafin masana'anta. Saudat ta saya masa babbar gora, ta ɗinka mata rataya da hannu tunda keke ya mutu. Likita ta nemi a daina sa shi aikin dare, aka yi ta jan ƙafa, daga baya aka yarda. Duk zuwa asibiti Lawan yana nan, ya shiga ya zauna fuska a murtuke, kuma duk zuwa sai likita ta ce a kira Saudat.

A hankali abu ya daidaita. Usaini ya tashi da asuba, ya tafi aiki, ya dawo, ya ci abinci, ya yi barci. Zulaihat ta koma hawa bayansa. Hannunsa yana ɗan rawa in ya ɗaga kofi, shi ke nan. Unguwa dai ba ta gamsu ba. Mai shayi ya ce Usaini ya yi sanyi, 'yan majalisa suka ce asibiti sun kashe masa jiki. Mutanen da suka ci hula da labari, ina za su yaba wa mutumin da ke gaisawa ya wuce?

Abu ɗaya ke ci wa Saudat rai. Tun ranar da ta yi magana a gaban likita Usaini bai taɓa tayar da zancen ba. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce ta kyauta ba. Ba ta san ko yana riƙe da ita a zuci ba, kuma tana tsoron tambaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Lawan ya biyo ƙanensa gida. Saudat ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ta kawo shayi, ta koma kicin. Kicin ɗin langa-langa ne, ba ya ɓoye magana.

"Usaini, ni fa ban ga waraka a nan ba," in ji Lawan. "Na binciko inda aka mayar da likitanka na farko. Mu je ya mayar da kai kan maganinka na da. Ina Usainin da ke sa majalisa dariya? Ina mai zuciyar nema? Wannan da nake gani kamar an zare masa laka."

Saudat ta tsayar da wuƙa a kan albasa. Ta san abin da Lawan bai taɓa lura da shi ba, cewa Usaini bai taɓa ce wa yayansa a'a ba tun suna yara.

Sannan ta ji muryar mijinta, a natse.

"Ni ma ina kewarsa, Yaya. Wallahi ina kewarsa. In yana nan ji nake duk Kano a tafin hannuna take, ba abin da ya fi ƙarfina. Wannan maganin ba ya ba ni haka, kuma na san ba zai ba ni ba." Ya ɗan tsaya. "Amma ku a ƙofar gida kuke ganinsa. Bai taɓa zuwa shi kaɗai ba, ɗayan yana biye da shi. Na ƙarshen nan saura kaɗan ya tafi da ni. Ba na so ya dawo."

"To ai shi ke nan," in ji Lawan.

"Litinin ne komawa asibiti. Ku huta, Yaya, kun sha wahala da ni. Saudat za ta raka ni."

Ta ji an ajiye kofi. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba, ga albasa nan in wani ya tambaya. Daɗi ne ya cika ta, da tausayin Lawan ma, wanda ya yi ta sintiri tsakanin Challawa da asibiti saboda ƙaunar ƙanensa.

Can ta ji Lawan ya yi sallama yana saka takalmi. Takunsa ya nufi ƙofa, sai ya tsaya daidai kicin. Ta yi sauri ta goge fuska ta rusuna.

"Saudat."

"Na'am, Yaya."

Bai kalle ta ba, ƙofar gida yake kallo. "Hannun nan nasa yana rawa. Yanzu ma ya zubar da shayi a riga."

"Na lura, Yaya."

"To, in kun je, ki faɗa wa likitar," ya ce. "Kada ki yi shiru."