Wayar Baba Moro

"Riƙe min nan, Bebi," Baba Moro ya ce, ya miƙo min bakin wata doguwar waya ta saman shingen da ya raba gidajenmu. Na karɓa don dai dattijo ne. Kafin la'asar, wata tsohuwar kwamfuta ruwan ƙasa tana zaune a kicin ɗina, gefen firji, wayar ta bi ta taga zuwa garejinsa.

Mutumin zangon Kumasi ne, ya kusa tamanin, zuciya na damunsa. Ya ce a 1984 ya yi aiki da wani ƙaramin kamfanin kwamfuta da ya daɗe da rushewa. Shi ya rubuta kod ɗin, wato umarnin kwamfuta, da zai sa injin wani gida ya yi magana da na maƙwabci. Kamfanin ya fasa saka wa injinan kafar da wayar za ta shiga, amma kod ɗin ya zauna a ƙwaƙwalwarsu, ba wanda ya taɓa tashinsa.

"Na haɗa kafar da hannuna. In na buga rubutu can, zai fito nan. Ke dai bar ta a kunne."

Da maigidana Ɗantala ya dawo daga aiki, ya daɗe tsaye a kanta.

"Ɗansa yana nan unguwar Summerfield. Me ya hana shi kaiwa can?"

"Wai wayar ba ta wuce taku hamsin."

"Wai. Saura sati uku intabiyun takardunmu na zama a ƙasar nan. Kin san abin da take sauraro? Kin san inda take aikawa?"

Ban sani ba. Na tuna yadda Baba Moro ke yawan tambayar ƙarfe nawa muke fita. Na zare fulogin, na naɗe, na tura bayan firji.

Kullum da safe in zan shiga mota, sai ya leƙo. "Rubutun ya iso?"

"Tukuna, Baba."

"To kuskuren nawa ne." Ya koma gareji yana jan silifa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Ranar Talata bayan azahar, matarsa Hajiya Adjara ta kai masa kunu, ta tarar da shi a kujera, kansa a sunkuye, tabarau a cinya. Motar asibiti ta zo, ta tafi ba jiniya.

Bayan sadakar uku Hajiya ta shigo ɗaukar injin.

"Ko abinci ya daina ci sosai," ta ce. "Yana ta cewa shekara arba'in yana alfahari da abin da ba ya aiki."

Na yi sauri zan ɗauko mata, ta riga ni. Ta ja injin, igiyar wutar ta biyo shi daga bayan firji, a naɗe, ɗaure da robar gashina, ƙura ta hau ta.

Hajiya ta shafa ƙurar da babban yatsa. Ta dube ni.

"Tun yaushe?"

Na mayar da idona kan robar gashina.

"Medaase," ta ce a hankali, godiyarsu ta Ghana.

Ta ƙi in taya ta. Ta taga na ga ta tsaya a bakin garejin, injin a rungume, tana neman makunnin fitila da gwiwar hannu.